Ina Sunayen Matattunmu?

Wata rana ina koyar da tarihi a wani koleji na jihar Maraɗi, muna kan darasin shigowar Faransawa ƙasar nan, sai na tambayi yara su wane ne suka jagoranci rundunar da ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Kafin in rufe baki hannuwa sun tashi: Voulet da Chanoine. Na ce madalla. Sa'an nan na ce to a faɗa mini sunan mutum ɗaya tak, namiji ko mace, babba ko yaro, daga cikin waɗanda aka kashe a garin. Aji ya yi tsit. Ban ga laifin yaran ba, domin ni kaina da ke riƙe da alli ba ni da amsa. Sai na sassauto, na ce kowa ya rubuta a kayensa sunan kakan mahaifinsa da na kakar mahaifiyarsa. Waɗanda suka iya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Da na kai maganar ɗakin malamai, wani dattijo abokin aikina, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya dube ni ya ce: "Mushe, bar tone-tone. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mamaci addu'a yake so." Wannan rubutu amsa ce gare shi da masu irin ra'ayinsa, kuma suna da yawa cikin malaman lakwal, da malaman zaure, da shugabannin ƙungiyoyinmu na al'adu. Abin da nake faɗa shi ne, al'ummar da ta riƙe sunan makashi ta saki na wanda aka kashe ta ƙarasa wa makashin aikinsa ne. Kuma tunawar da ba ta kai ƙofar gidan mamaci ba, can inda matarsa da marayunsa suke, shagali ne na masu rai, ko da an kira shi da sunan marigayi.

Mu fara da abin da ke rubuce. A farkon 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta bar bakin kogin Kwara ta doshi gabas, da nufin kaiwa tafkin Cadi. A watan Afrilu ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu a ƙasar Arewa. A watan Mayu ta shiga Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ake ba da labarinsa a zauruka. Labarin ta'asar ya kai Faransa ta wasiƙar wani hafsa mai suna Peteau da aka kora daga rundunar, gwamnatinsu ta turo Kanar Klobb ya bi sawu. Ƙonannun garuruwa da gawarwaki ne suka nuna masa hanya, kuma a Koran Kalgo ya tarar da yara mata rataye a itatuwa. Ran 14 ga Yuli, a Ɗankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Ran 16 sojojin rundunar baƙar fata suka kashe Chanoine, ran 17 suka kashe Voulet. Kaburburan su biyun suna Mai Jirgi.

To, mai karatu, dubi yadda lissafin ya tsaya. Turawa uku sun mutu, mun san sunan kowannensu, da muƙaminsa, da ranar mutuwarsa, da garin da ya faɗi. Littafin tafiyar Klobb ma an buga shi a Faransa bayan ransa. A yaƙin Lugu an rubuta cewa rundunar ta rasa soja 4, an raunata 6, ta kuma ƙarar da harsashi 7000. An ƙidaya harsashi, ba a ƙidaya waɗanda harsashin ya sama ba. Mutanen Ƙonni kuwa, wannan littafi ya ce ɗaruruwa, wancan ya ce dubbai, kamar ana ƙiyasin damman gero a gonar da ba a auna ba. Alhali kowane ɗaya daga cikinsu an yanka masa rago ran suna, yana da uwa, yana da sana'a, akwai wanda ya jira dawowarsa da marecen nan bai dawo ba.

Za a ce ai wannan laifin Nasara ne. Kisan nasa ne, babu musu. Amma mantuwar fa, ta wa ce? Yaron da ya tsira daga Ƙonni yana ɗan shekara 10 bai wuce shekara 71 ba lokacin da ƙasar nan ta sami ƴancin kai a 1960. Ƴaƴan irin waɗannan yara mun tarar da su da ƙafafunsu, mun zauna da su a bakin kasuwa, wasunmu ma su suka goye mu. A shekarun nan muna da lakwal, muna da rediyo, muna da cibiyar bincike ta IRSH, muna da CELHTO wadda aka aza tushenta a Yamai a 1968 musamman don tattara tarihin baka. Ba na raina aikin da aka yi. Marigayi Boubou Hama ya tara rubuce-rubucen Larabci da na ajami waɗanda da ba don shi ba da gara ta cinye su. Marigayi Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Sai dai mutum ɗaya muka tsamo daga cikin wutar nan. Sunan Sarauniya yana kan gidan rediyo da makarantu, ta kuma cancanta. To maharban da suka tsaya da ita fa? Matan da aka kora gaba kamar dabbobi, da majiya ƙarfin da aka ɗora wa kaya har suka faɗi a hanya? Da aka fitar da fim ɗin African Apocalypse a 2020, wanda wasu ƴan Ingila suka zo suka ɗauka, mun ga jikokin mutanen garuruwan nan suna ba da labarin kakanninsu dalla-dalla. Ashe labarin yana nan a gidaje, mai tambaya yake jira.

Ba kan yaƙi kaɗai muke da wannan hali ba. Mun raɗa wa yunwa suna kamar jaririya ran bakwai. Tsofaffi sun bar mana sunan Kakalaba ta 1913 da 1914, mu kuma da idonmu mun ga El Buhari ta 1984 da 1985. Tsakaninsu akwai yunwar fara ta 1931 da farin 1973 da 1974. Sunan masifa ya zauna daram, sunayen yaran da ta ci sun bi iska. Akwai tsohuwa a kusan kowace unguwa da za ta ce maka ta haifi goma, huɗu suka tsaya. Sauran shidan ita kaɗai ta san su, ranar da aka kai ta makwancinta kuwa an binne su karo na biyu.

Ya kamata mu gane yadda suna ke ɓacewa a wurinmu, domin ba mugunta ce ke kawo shi ba. Kunya ta hana mace faɗin sunan mijinta, ta hana uwa faɗin sunan ɗanta na fari. Da mutum ya cika sai ya koma "marigayi" ko "mai rasuwa", jikoki su tashi ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. Kabarinmu ba ya ɗauke da rubutu, damina biyu ta isa ta shafe shi. A karkara ba kowa ke zuwa ma'aikatar magajin gari neman takardar mutuwa ba, sai in akwai fansho ko gado a banki. Maroƙi kuwa, wanda shi ne ma'ajin asali a gargajiyance, inda ake ba shi yake roƙo: zai jero maka sarakunan Katsinar Maraɗi tun daga Ɗan Kasawa, da na Damagaram, da attajiran da suka yi masa riga, amma ba ya da kirarin mai sayar da ruwa. Kowace ɗaya daga cikin al'adun nan tana da hikimarta, kuma ba na kiran a zubar da ita. Amma in suka haɗu, talaka ba shi da sauran alama a duniya bayan sadakar arba'in.

Yanzu ga hujjar farko ta abokin aikina, wato ta addini. Ya ce mamaci addu'a yake so, kuma gaskiya ya faɗa. Allah ya san bayinsa ɗaya bayan ɗaya, ba ya bukatar kundinmu. Mu ne muke bukata. Batun kukan mutuwa, da gina kabari, da tarukan sadaka, malamai sun yi bayaninsu, kowa ya bi abin da ya gamsu da shi, ba filina ba ne. Amma a nuna mini inda aka hana rubuta sunan mamaci da tarihin rayuwarsa. Musulmin farko sun kiyaye sunayen mutanen Badar da na shahidan Uhudu, har da ƙabilar kowane. Ibn Sa'ad ya rubuta Ɗabaƙat, ya ware wa mata kashi guda. Ahmad Baba na Tumbutu ya tara tarihin malaman mazhabar Malikiyya. Muhammadu Bello ya ambaci malaman ƙasashen nan cikin Infaƙul Maisur. Nana Asma'u ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta da mijinta, ta kuma yi wa mata abokan zamanta waɗanda ba su riƙe wata sarauta ba. Ta yaya za a raba gado bisa shari'a in ba a san wa ya haifi wa ba? Ta yaya za a sada zumunci da dangin da ba a san inda aka haɗu da su ba? Wanda ya ce rubuta sunan kaka bidi'a ce, ya koma ya duba littattafan da ke cikin gafakarsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ana cewa tonon matattu tonon gaba ne, kaza mai yawan tono ita ke tono wuƙar yanka ta. A ƙasa irin tamu, inda jikan wanda ya kama da jikan wanda aka kama suke zama benci ɗaya a aji, tsoron nan yana da dalili. Mu ɗauki rikicin Sawaba da RDA. An haramta Sawaba a 1959, a 1964 ƴan jam'iyyar suka shigo da makamai, gwamnati ta murƙushe su. An harbe wasu a bainar jama'a, wasu sun mutu a kurkuku, wasu sun tsufa a gudun hijira. Galibinsu ƙananan mutane ne, teloli, da direbobi, da yaran mota, da ƴan tireda. Shekara da shekaru iyalansu ba sa iya ambaton su sai da raɗa. Ina tambaya, shirun nan ya warkar da wani? Abin da ya haifar shi ne ƴaƴa da suka girma suna zaton ubansu ɓarawo ne, tunda ba a faɗin inda ya tafi. Taron ƙasa na 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da zalunci, ya buɗe ƙofa kaɗan, ba a daɗe ba aka shiga rububin zaɓe. Sai da wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya bi tsofaffin ƴan Sawaba gida-gida, ya fitar da babban littafinsa da Ingilishi a 2013, sa'an nan sunayen da yawa daga cikinsu suka shiga takarda. Mun gode masa. Amma mu da muke maƙwabtaka da tsofaffin nan, muna sayen goro a teburinsu, ina muke?

A watan Oktoba na 2024 an sauya wa babban titin de Gaulle na Yamai suna zuwa na Djibo Bakary, aka kuma mayar da dandalin tunawa da sojojin yaƙin duniya na dukan matattun ƙasa, soja da farar hula, tun daga mulkin mallaka har yau. Abu ne mai kyau. Sai dai allon titi suna ɗaya yake ɗauka, kuma kullum na babba ne. Kundin da nake kira a buɗe ba shi da jam'iyya. Telan Sawaba zai shiga, ma'aikacin gwamnatin da ƴan Sawaba suka kashe zai shiga, Hajiya Aïssa Diori da aka kashe daren juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 za ta shiga. Ba shari'a za a yi ba, babu gurbin "wa ya yi" a cikinsa. Gaba tana tsira ne inda kowane gida yake ɓoye da gawarsa, yana zaton shi kaɗai aka zalunta.

Wanda ke shakkar ko suna na iya tsayawa, ya dubi 9 ga Fabrairu 1990. An harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai: Alio Nahantchi, da Issaka Kaïné, da Abdou Maman Saguirou. Yaran da aka haifa shekaru da yawa bayan ranar sun san sunayen nan, saboda ƙungiyar ɗalibai ta USN ta nace tana karanta su duk shekara. Ba kuɗi ne ya riƙe su ba, naci ne. Abin da ɗalibai suka yi wa mutum uku, me ya hana malamansu su yi wa sauran?

Domin maganar ba ta tsaya ga mutanen da ba. A Disamba 2019 an kashe soja 71 a Inates, a Janairu 2020 an kashe 89 a Shinagodar. A Maris 2021 gwamnati ta ba da lissafin farar hula 137 da aka kashe a ƙauyukan Tilliya, cikin jihar Tawa. Aka yi zaman makoki na kwana uku, aka sassauto tuta, daga nan mutanen suka koma adadi. Mu malamai kuwa akwai wadda ta fi taɓa mu. A Afrilu 2021 gobara ta ci yara 20 cikin azuzuwan zana a Yamai, a Nuwamba na shekarar ta ci fiye da 20 a Maraɗi, ƙanana ƴan shekara biyar zuwa shida. Yaran nan suna cikin rajistar aji, kowace safiya ana kiran sunansu suna amsawa. In mu da sana'armu ta fara da kiran suna muka bari suka zama "yaran gobara", to ba mu da bakin zargin Voulet da rashin ƙidaya.

Sauran magana ita ce ta iyali, kuma a nan ƙungiyoyinmu nake nufi. Na taɓa halartar taron tunawa da wani abokin aikinmu, malami kuma marubucin wasan kwaikwayo, shekara guda bayan rasuwarsa. An kafa rumfa, an yi hayar kujeru da lasifika, an buga hotonsa a ƙyalle, manya sun yi jawabi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana faɗin yadda suka shaƙu. Matarsa tana can layin baya cikin mata, ba wanda ya ambace ta. Da aka watse na je gaishe ta, sai na ji takardun fanshonsa ba su fito ba, babban ɗansu ya bar karatu yana tura baro a tasha, kayayyakin da ya rubuta wasanninsa a ciki kuwa suna cikin wani buhu a ɗakin da ke yoyo. Kuɗin rumfa da lemon ranar sun isa su mayar da yaron aji. Na dawo gida da kunya, domin ni ma na yi jawabi. Mace ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, mu mun yi tamu ta awa biyu da tafi, mun kuma ɗauka mun fita hakkinsa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Kowane malami, daga firamare har lise, ya ware mako guda a shekara ya tura yara wurin tsofaffin gidansu da tambayoyi kaɗan: sunan mamaci da laƙabinsa, sunan ubansa da na uwarsa, garin da aka haife shi, sana'arsa, shekarar da ya rasu ko abin da ya faru a shekarar, da waɗanda ya bari. In kaka ta ji kunyar faɗin sunan mijinta, a tambayi ƙanwarsa. In gida ya ce ba ya so, a ƙyale shi, matattunsa ne. A rubuta da harshen da aka yi hirar, da boko ko da ajami, wanda ke da wayar salula ya ɗauki muryar in an yarda. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a gidan, ɗaya a makaranta, ƙungiyoyin al'adu na jiha su tattara su miƙa wa masu adana tarihi. Malaman Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Tasawa su fara da 1899 tun jikokin da suka ji daga bakin kakanni suna raye. Ƙungiya kuma ta sa wa kanta doka: kafin a kafa rumfar tunawa da wani, a aika mutum biyu gidansa su ga halin da ake ciki, a fara da makarantar marayu da takardun gwauruwa, abin da ya saura a yi taro da shi, a kuma zaunar da iyalin a gaba.

Yallaɓai abokin aikina, ka ba ni karin magana, ga tawa: waiwaye adon tafiya. Wanda ya ce a manta bara yana nufin kada baƙin ciki ya hana noman bana, bai ce a manta wanda ya sare gonar ba. Ni da kai mun kusa ajiye alli. Yaran da muka koya wa sunan Voulet su ne za su ɗauke mu zuwa makwanci, kuma abin da muka koya musu game da matattu shi za su yi da mu. Na fara nawa kundin da kakata, wadda ta rasa ƴaƴa uku a yunwar 1931. Sai da na yi tafiya biyu zuwa ƙauyenmu kafin in sami wata tsohuwa da ta tuna sunan biyu daga cikinsu. Na ukun na makara.

Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka sani da waɗanda muka bari suka ɓace, ya dubi bayansu, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.